Wa Zai Kira Baladiyya?

Magudanar da ke bakin gidan Hajja Kaltume ita ce aikin da na fi maimaitawa a rayuwata, kuma da ita zan fara, tunda kun ce sana'ata ta koma danna waya. Murfinta ƙarfe ne mai nauyi, ba ya ɗaguwa sai an zura masa ƙugiya ta hagu, domin ramin dama ya ci tsatsa tun kafin a haifi wasunku. In ka ɗaga, kada ka leƙa nan take, ja da baya mugun iskan ya fita tukuna. Sannan ka zura susta, wato doguwar wayar ƙarfen nan mai murɗewa, kana juyawa a hankali har hannunka ya ji abin da ya tsaya. A wurin nan hannu ke gani. Leda tana da laushi, biyo ka take yi. Saiwar bishiya tana ja da kai kamar igiya. Yashi kuwa shiru yake, sai dai ka ji susta ta yi nauyi, kuma shi ne mugun, domin yashin Jidda in ya sha maiƙon girki daskarewa yake kamar siminti. Unguwarmu duk gangare ce zuwa wannan kusurwa. Duk ruwan da ya sauka cikin katangar nan, ƙofar Hajja Kaltume yake nema.

Wani ɗan kasuwa ne ya gina gidajen nan a bayan Aziziyya, ya zagaye su da katanga, ya sayar ya yi gaba. Masu gidajen galibi 'ya'yan Jidda ne, jikokin alhazan da suka zo daga yamma suka zauna. 'Yan haya kuwa yawancinsu mu ne, Hausawan Sudan. Da yake titunan ciki ba na hukuma ba ne a lokacin, sai kowane gida ke ba da kuɗin hidima duk wata, abin da iyayenku ke kira rusum. A cikinsa ake kwashe shara, a canza fitilun titi, a gyara dinamon da ke tura ruwa sama, a kira wayit, wato motar ruwa, in tankin ƙasa ya ƙafe. A cikinsa kuma ake biyana albashi, ake sabunta iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar. Ustaz Faisal shi ne shugaban kwamitin masu gidaje, shi ne kuma kafilina, mai tsaya mini a wurin hukuma, domin da sunan ƙaramin kamfaninsa aka ɗauke ni. Ku riƙe wannan: in rusum ya tsaya, aikina ya tsaya, in aikina ya tsaya, zamana a ƙasar nan ya ƙare.

A Mai Wurno aka haife ni, a bakin kogi. Na yi dako a Bur Sudan, na yi gadi a Njamaina har na iya Faransancin kasuwa, na taɓa zaman Kano wajen dangin mahaifiyata, kafin Allah ya kawo ni nan. Amma sana'ar kula da gida a hannun wani Balarabe Bahadarme na koye ta, Ammi Salim, a wani dogon bene a Sharafiyya. Watannin farko bai bar ni na taɓa ko sukurdireba ba. Sai ya zaunar da ni kusa da dinamo ya ce in saurara. Dinamo mai lafiya gunjinsa ɗaya ne. In ya fara tari, iska ta shiga bututu. In yana tashi yana mutuwa ba dalili, awwama ce ta lalace, wato ƙwallon da ke iyo a cikin tanki yana tsayar da ruwa in ya cika. Ya koya mini naɗe bakin bututu da zare, da gane ɗigon da ke cikin bango daga launin fenti. Na biyun da ya koya mini ya fi wuya, shi ne karɓar kuɗi. Ba a tambayar mutum a gaban baƙonsa, ba a tambayarsa a ƙofar masallaci, ba a aiken yaro. Gaisuwa kake zuwa, ka tambayi lafiyar famfo, ka ɗan tsaya. Mai niyya zai shiga ciki ya fito.

Na ga yadda ake biyan irin wannan kuɗi a garuruwa da yawa. A Bur Sudan mai jakin ruwa ake biya hannu da hannu, babu gardama, domin ga ruwan a gabanka. A Njamaina maigida kan haɗa wa mai gadi da hatsi da tsohuwar riga, abin ya fi kama da kyauta. A Kano sai an yi taro an ɗaga murya, an zargi ma'aji, sannan kowa ya biya yana gunaguni. A nan kuwa mutanenmu shiru suke biya, har na ɗauka ingancin aikina suke gani. Sai a mugunyar shekara na gane abin da suke saye.

Akwai ranar da Alhaji Bushara, mai shagon turare, ya kira ni wai ruwa ba ya hawa gidansa. Na hau rufi na tarar ya ɗora ɗaki a sama don surukinsa, magini ya bi ta kan bututu da bulo. Na karkatar da bututun ta bayan ɗakin, na sauko. Shi ne kuma mai tsohuwar motar nan da ta shekara da shekaru a gefen titi, tayoyi sun zauna, kyanwoyi na haihuwa a ciki, kullum cewa yake gyara za a yi. Hajja Kaltume, tun da mijinta ya rasu, masa take soyawa a bakin ƙofa kowace safiya, da tukunyar gas ɗinta a kan dakalin titi, da shi take ci da marayu. Wani ya miƙa rumfa har rabin hanya don motarsa. Wani yana ɗaure rago a jikin fitila tun wata biyu kafin layya. Babu mugun abu a ciki, rayuwa ce ta fi ƙarfin ɗaki ta tsiyayo waje. Cikin katangarmu muke, babu mai shigowa ya duba.

Sai baladiyya, wato hukumar gari, ta karɓi titunan. Kwamiti ne ma ya nema, aka daɗe ana bi, aka samu. Kuma ba zan yi musu ƙarya ba, aikinsu ya fi nawa. Motar shara na zuwa kullum, aka kafa sababbin fitilu masu haske kamar rana, aka zuba kwalta a inda nake cike ramuka da tsakuwa. Wata na farko mutane suka biya rusum bisa sabo. Wata na biyu na je gaisuwa, na tambayi lafiyar famfo, na tsaya, sai aka kawo mini shayi. Gida bayan gida shayi. Na san shayin nan, na sallama ne.

Ustaz Faisal ya kira ni ofishinsa. Mutum ne mai kirki, Hausarsa rabi Larabci rabi, kamar ta yawancinku. Ya bayyana mini cewa mutane na cewa ba za su biya abu biyu ba, tunda hukuma na yin aikin kyauta. Abin da ya rage namu tankin ruwa ne da dinamo, kuma wannan ana iya kiran mai gyara daga waje in ya lalace. Ya kuma gargaɗe ni kada in sake ɗaga murfin magudana, domin yanzu kayan baladiyya ne, wanda ya taɓa ba izini tara ce a kansa, a kan kafilinsa kuma. Sannan ya dubi ƙasa.

"Ya Ammi Haruna, iƙamarka a tsakiyar sanyi take ƙarewa. In rusum bai dawo ba, wallahi ma agdar. Ba zan iya sabuntawa ba."

Na san abin da ke biyo bayan wannan magana, takardar fita ce wadda ba dawowa. Mai shekaruna ba ya samun sabon kafili, kowa saurayi yake nema. Sudan kuwa kun san halin da ake ciki. Da na koma gida na gaya wa mai ɗakina, washegari na ga ta fara ware tukwane, waɗanda za a ɗauka da waɗanda za a bayar.

To ga yadda baladiyya take aiki, kuma a nan labarin ya juya. Shara da fitila suna kan tsarinsu. Amma toshewar magudana a cikin lungu ba za su sani ba sai an kai balag, wato ƙorafi. Ka kira, ka ba da lambar katinka, ka tura hoton wurin. Sai a turo muraƙib, mai duba aiki, ya zo ya tsaya a titinku da idonsa biyu. Ni kuwa duk shekara kafin sanyi nakan buɗe magudanar Hajja Kaltume in kwashe yashin bazara. A shekarar nan ba wanda ya taɓa ta. Wari ya fara tashi. Ruwan wanke mota ya daina wucewa, sai ya kwanta a kan murfi ya yi kore.

Mutane suka fara tare ni ɗaya bayan ɗaya, kowa a asirce, kowa yana tambaya ko an kira. In na ce shi ya kira mana, sai ya tuna yana da uzuri. Alhaji Bushara ya ce wayarsa ba ta ɗaukar hoto da kyau, alhali kullum hoton kwalaben turare yake turawa har Umdurman. Mai rumfa ya ce ai ba a ƙofarsa ba ne. Ustaz Faisal kansa, ɗan ƙasa mai cikakkiyar takarda, ya gaya mini mahaifiyarsa ta yi masa rantsuwa kada ya kuskura, domin a wurinta wanda ya kira hukuma, cikin gidansa ya gayyato ta. Kada ku yi dariya. Kakanninku a ƙafa suka zo ƙasar nan, wasu sun yi rabin rayuwarsu ba takarda, abin da suka gadar wa 'ya'yansu shi ne kada ka tsaya inda idon hukuma zai sauka a kanka. Takardu sun samu, tsoron bai tafi ba. Mu 'yan Sudan kuma namu tsoron sabo ne fil. Ashe duk shekarun nan rusum ɗin da ake ba ni, kuɗin kada baƙo ya shigo ne. Yanzu an daina biya don baladiyya ta karɓa, kuma babu mai son baladiyya ta zo.

Ku da kuka tashi a Jidda kun san ruwanta. A Kano ruwa baƙo ne da ake jira, ƙasa na shanye shi. Nan shekara guda ana iya yi ba ɗigo, ranar da ya zo kuwa kamar an tuntsurar da teku, ƙasa ba ta sha, duk kan kwalta yake gudu. Sanyi ya shigo, gajimare ya fara taruwa ta wajen teku da yamma, saƙon gargaɗi ya fara shigowa wayoyi cewa ana sa ran ruwa a ƙarshen mako. Na je na tsaya a kan murfin, na buga shi da dunduniya. Ƙarar cikakken abu ya yi.

Aka taru bayan la'asar a inuwar masallaci. An ce taron soke rusum ne a hukumance, amma kowa idonsa na sama. Alhaji Bushara ya fara da tsokana, wai ga Sarkin Magudana an tuɓe shi, ko za a yi masa walimar sauka. Na ce masa ai sarautata ta fi motarsa daɗewa tana aiki, aka yi dariya kaɗan. Ustaz Faisal ya kawo maganar magudana, ya ce abu ne mai sauƙi, kira ɗaya ne. Sai ga Hajja Kaltume ta zo ta tsaya daga nesa, a bakin inuwa, da mayafinta. Ba ta saba shiga taron maza ba.

"Ku yi haƙuri, 'ya'yana. Ni ruwa zai fara ci, ni ce a ƙasa. In na kira, tandata za a ɗauke. In ban kira ba, katifun yara za su tafi. Ku da ke tudu, wa zai kira?"

Ba wanda ya ɗaga kai. Mai rumfa yana ta jan carbi. Alhaji Bushara ya ciro waya ya dube ta ya mayar aljihu.

Ni ba ni da ɗaki a rufi, ba ni da mota, ba ni da rago. Ɗakin gadi nake zaune, na kwamiti ne. Abin da kawai nake da shi lambar iƙama ce mai sauran 'yan makonni. Na ce zan kira, amma da sharaɗin a ba ni gobe tukuna, kuma duk ƙofar da na ƙwanƙwasa a yi abin da na ce ba gardama. Alhaji Bushara ya tambaya ko nawa zan caje su. Na ce masa ba ciniki na zo yi ba, ruwa ne ke tafe. Abu ɗaya na ƙara, shi ma don su sani ne.

"Wannan karon lambata na da rai. Ruwan baɗi kuwa sai ku nemi wata."

Washegarin nan ita ce rana mafi nauyi a sana'ata, kuma ban taɓa susta ba. Na fara da motar Alhaji Bushara. Na samo mai babbar motar ɗaukar matattun motoci, wani Bapakistane da muka saba, na yi masa ɗan Urdun da na tsinta, ya yarda ya zo kafin azahar. Sai da muka fitar da kyanwa da 'ya'yanta a kwali. Alhaji ya tsaya yana shafa murfin motar yana ba da labarin ranar da ya kai amaryarsa Madina a cikinta, ni ina duban sama. Aka ja ta zuwa wajen masu gwangwan ta can gefen unguwar masana'antu. Rumfa muka kwance da sukurdireba, muka jingine ƙarafan a cikin gida. Rago ya koma bayan gida. Tandar Hajja Kaltume da tukunyar gas muka shigar cikin soro, na ja mata tiyo, na nuna mata ta riƙa miƙo masa ta taga. Wani gidan sai na yi rarrashi, wani sai na tuna wa mutum ranar da na fitar masa da zoben matarsa daga bututu. Maganar ɗakin rufi kuwa na gaya wa Alhaji gaskiya, wannan ya fi ƙarfina, ya je ya nemi izininsa kamar kowa, in ya so in raka shi. Da magariba titinmu ya zama kamar ba mutane a ciki. Sannan na ɗauki hoton murfin na kira.

Muraƙib ya zo da hantsi, saurayi ne sa'an wasunku, mai ladabi, ya kira ni ya Ammi. Duk tagogin unguwa a rufe, amma na san akwai ido a bayan kowane labule. Ya dubi murfi, ya dubi titi sama da ƙasa, ni ina gefensa. Ya tambaya ko ruwan ta ina yake gangarowa, na nuna masa. Ya kira motar zuƙa. Abin da nake yini ina yi da susta da bokiti, suka gama shi kafin shayi ya huce. Suka fitar da yashi baƙi ƙirin, mai tauri kamar dutse. Ya sa hannu a na'urarsa, ya yi sallama, ya tafi.

Ruwan ya sauko ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na tsaya a soron Hajja Kaltume, ita tana bayana da katifa a naɗe a kan kujera. Muka ga ruwa ya taho daga saman unguwa, ja wur, ɗauke da ledoji. Ya rufe murfin, ya hau dakali, ya taɓa matakalar farko. Ya tsaya nan yana juyawa. Ban san tsawon lokacin ba. Can sai na ji ƙarar da nake jira, irin ta maƙogwaro in yana haɗiya, ruwan ya fara yin ƙasa.

Ba a soke rusum ba, rabi aka mayar da shi. A takardar kwamiti an ce na tanki ne da dinamo da mai kula. Alhaji Bushara kuwa kuɗin kira yake ce masa, in zai ba ni sai ya ce ga na kati, Sarki. Ustaz Faisal ya sabunta mini na shekara ɗaya, ya ce daga nan sai abin da taro ya yanke. Mai ɗakina ta mayar da tukwane, amma kwalayen da ta tanada don tafiya tana ajiye da su a ƙarƙashin gado.

Yanzu ku ne kuke cewa me ake biyan tsohon nan, abin da kowa zai yi da yatsa ɗaya. Kuna da gaskiya ta wani gefen. Ba ku gaji tsoron nan ba, kuma ina yi muku murna, ba abin gado ba ne. Amma kai Mazin, ɗan Ustaz Faisal, ka tuna watan jiya da fitilar kusurwa ta mutu, ka danna wayarka daga kan gado ba ka gaya wa kowa ba. An gyara fitila kuwa. Sai dai ranar Hajja Kaltume ta fito da tanda waje saboda zafin soro, muraƙib da ya zo duba fitilar ya gan ta, aka ba ta gargaɗi a rubuce, na biyu tara ce. Ba ta yi maka faɗa ba, ni ta tambaya ko na yi tafiya ne, tunda ban ƙwanƙwasa mata ba kafin a zo.

Taron bana saura kaɗan, kuma na ji wasunku za su zauna a madadin iyayensu. Ban san abin da za ku yanke ba. Susta tana nan rataye a ɗakin gadi, ina shafa mata mai duk da an hana ni amfani da ita. In kun sallame ni, ku bar ta a wurin. Wanda zai riƙa kira a bayana kuma, ya fara da ƙofar Hajja Kaltume, ya ƙwanƙwasa a hankali, kunnenta ɗaya ba ya ji, ta taga ake yi mata magana.